Wa zai kula da na'urar bayan an yanke ƙyalle?

Kwana tara na yi ina neman wata 'yar kafa da ido ba ya gani. A ɗakin binciken da nake aiki a nan Jamus akwai wani tulun ƙarfe, girmansa ya kai ganga biyu, wanda sai an zuƙe iskar cikinsa ƙaf kafin a fara gwaji. Rannan muka wayi gari ma'aunin ya ƙi sauka inda ya saba. Iska na shiga ta wani wuri. Tulun yana da mahaɗa fiye da talatin, kowace da zoben tagulla a tsakani da kusoshi a kewaye. Yadda ake neman irin wannan kafa shi ne mutum ya riƙa fesa iskar hiliyam kaɗan-kaɗan a bakin kowace mahaɗa, yana kallon wata na'ura da ke shinshinar abin da ya shiga ciki. Daga sama ake farawa a gangaro, don hiliyam tashi sama yake yi, in ka fara daga ƙasa zai ruɗe ka. A kwana na tara na same ta: wani ɗan kwarzane ne a bakin ƙarfen, bai kai kaurin gashi ba. Bayan an gyara sai da aka naɗe tulun da wayoyin zafi aka gasa shi kwana biyu, domin ko zanen yatsa aka bari a ciki zai yi ta fitar da tururi yana ɓata awo.

Duk kwanakin nan wata ɗalibar digirin digirgir tana zaune tana jira, aikinta na shekara uku ya tsaya cik. Idan takardarta ta fito babu layin da zai ambaci kwarzanen nan. Amma ba don an same shi ba da babu takardar.

Ƙanena ya taɓa tambayata a waya: "Yaya, shekara nawa kana ɗakin bincike, me ka gano ne?" Na ce masa ni ba mai ganowa ba ne, ni ne mai tabbatar da cewa abin da aka gano gaskiya ne, ba ƙaryar na'ura ba. Ya yi shiru, na san amsar ba ta gamsar da shi ba. Ban ga laifinsa ba. Mun taso da hoton mai bincike a matsayin farfesa mai farar riga da tabarau, shi kuwa injiniya mutum ne mai hular kwano a bakin gada ko a ma'aikata. Injiniyan ɗakin bincike ba shi da hoto a zukatanmu, kuma a ganina rashin hoton nan yana cikin manyan dalilan da suka sa ɗakunan gwaje-gwajenmu na gida suke mutuwa a tsaye.

Kafin in zo nan na yi shekara huɗu a wani kamfani. A kamfani ana ba ka takarda a ce ga abin da ake so, ga ranar da ake so, ga kuɗin da ba za a wuce ba. Abin da ka zana za a ƙera dubunsa, don haka damuwarka ita ce ya yi araha kuma ya fito iri ɗaya kullum. A ɗakin bincike guda ɗaya tak za ka ƙera, wataƙila babu irinsa a duniya, kuma mai neman abin shi kansa bai gama sanin me yake so ba. Masanin zai zo ya ce yana son ya auna wani abu da ba a taɓa aunawa ba. Kai ne za ka mayar da burin nasa zuwa ƙarfe da waya da lamba. Wata uku bayan ka gama sai ya dawo ya ce sakamakon farko ya canza masa tunani, a sake. Wanda ya saba da tsarin kamfani zai ɗauka rashin tsari ne. Ni ma da farko haka na ɗauka, sai daga baya na fahimci cewa in da an san amsar tun farko, ai ba bincike ake yi ba.

Rabin aikin kuwa farautar hayaniya ce. Siginar da ake nema ƙarama ce ƙwarai, komai na iya binne ta. Wutar lantarkin nan, kamar ta Najeriya, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in aka haɗa wayar ƙasa a wuri biyu maimakon ɗaya, bugun hamsin ɗin nan zai bayyana a cikin awonka kamar wani sabon abu da ka gano. Mun taɓa yin mako biyu muna bin wani bugu da ke zuwa ya tafi, ashe lif ɗin ginin ne. Mutum bai isa ya san irin wannan daga littafi ba, sai ya zauna da na'urar ya san halinta, ya san ƙarar da famfo ke yi idan lafiyarsa lau da wadda yake yi idan ya kusa tsayawa.

Kada a ɗauka wannan ƙananan ɗakuna kawai ya shafa. Cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN, da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ta gina zoben da ake harba ƙananan ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta su yi karo a cikinsa, mai tsawon kilomita 27, kusan mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, da manyan maganaɗisu 1,232 da ake sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. Ranar 10 ga Satumban 2008 aka kunna shi, duniya na kallo. Kwana tara bayan haka mahaɗar lantarki guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ta ba da matsala, wuta ta huda bututun, kimanin tan 6 na hiliyam ya tsere, sai da aka fito da maganaɗisu 53 daga ramin. Ba a sake kunna injin ba sai a Nuwamban 2009. Daga baya, a dogon hutun da aka fara a 2013, ma'aikata suka bi mahaɗu sama da 10,000 ɗaya bayan ɗaya suna ƙarfafa su. Kowa ya ji labarin ƙwayar Higgs, wata 'yar ƙwaya da masana suka daɗe suna nema, da aka sanar da ganowa da wannan injin a 2012, amma mutum nawa ne suka taɓa tunanin hannayen da suka yi liƙin nan? Haka a 2011 wani gwaji mai suna OPERA ya ba da sanarwar cewa ƙwayoyin da aka harbo daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da ɗan taƙin lokaci. Da abin ya tabbata da sai an sake rubuta littattafan kimiyyar fiziks. Bayan watanni aka gano wata wayar gilashi ce ba ta ɗauru sosai ba a tsarin agogonsu.

Turawan nan sun ɗanɗana irin wannan sau da yawa, shi ya sa suka ba mai riƙe da sukundireba matsayi. Simon van der Meer, ɗan ƙasar Holan, injiniya ne. Shi ya ƙirƙiro dabarar matse ƙwayoyin da ke gudu a cikin zobe wuri ɗaya, wadda ta ba da damar gano wasu ƙananan ƙwayoyi biyu da ake kira W da Z a CERN a 1983, kuma a 1984 aka ba shi kyautar Nobel tare da Carlo Rubbia. Koichi Tanaka na Japan injiniyan lantarki ne a kamfanin Shimadzu, digirin farko kawai gare shi lokacin da ya samu tasa kyautar a fannin sinadarai a 2002.

Duk lokacin da na tuna waɗannan sai wani dattijo ya faɗo mini a rai. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajen sashenmu lokacin da nake jami'a a gida. Malam muke ce masa, duk da cewa a takardar albashi ba ya cikin malamai. Akwai wata na'urar awo a kusurwar ɗakin, an lulluɓe ta da leda, ƙura ta yi mata rawani. Na tambaye shi wata rana: "Malam, wannan fa, ta lalace ne?" Ya ce: "Ɗana, ba ta lalace ba, ba ta taɓa aiki ba ne. Ranar da aka kawo ta aka ɗauki hoto. Wanda zai haɗa ta bai zo ba, littafinta kuma yana ofishin wani da ya yi ritaya." Ya ce ba a tambaye shi ba kafin a sayo, da ya gaya musu cewa ɗakin ba shi da wayar ƙasa mai kyau, kuma na'urar tana buƙatar wata iska ta musamman da babu mai sayar da ita a kusa. Mutumin nan shekara talatin ya yi yana raya tsofaffin na'urori da hannunsa. Na gan shi ya cire wani ɗan ƙarfe daga mataccen rediyo ya tayar da ma'aunin da ya girme ni. Amma babu taron sashe da ake kiransa, kuma malamin da aka ɗauka jiya, wanda shi ya koya masa riƙe waya, yana gaba da shi a komai.

A nan abin da ya fara ba ni mamaki ba tsadar na'urori ba ce. Maƙerar cibiyar ce. Kusan kowace babbar cibiyar bincike a Jamus tana da nata ɗakin ƙira, da injinan sassaƙa ƙarfe, da ɗakin lantarki, wasu har da mai busa gilashi. Shugaban maƙerar tamu bai yi jami'a ba. Ya yi koyon sana'a na shekara uku da rabi, rabi a makaranta rabi a wurin aiki, ana biyansa, daga baya ya ci jarrabawar zama gwani, abin da suke kira Meister. A ma'aunin takardun ilimi na ƙasar, matsayin nan daidai yake da digirin farko. Na ga farfesa ya kawo masa zane, ya duba ya ce wannan ba zai yiwu ba, ƙarfen zai lanƙwashe idan ya yi sanyi, a sake. Farfesan ya ɗauki takardarsa ya koma ya sake, babu wanda ya ji an ci masa fuska. A gida kuwa shekara da shekaru ana kai ruwa rana kan bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri. Yaron da Allah ya ba basirar hannu ya san in ya tsaya a hannun nan ba zai yi gaba ba, sai ya bar na'ura ya bi takarda. Ya zama malami na tsaka-tsaki, mu kuma mun rasa gwanin da babu irinsa.

Sai batun kuɗi, kuma a nan nake ganin mun fi yin kuskure. Farashin na'ura ba shi ne kuɗinta ba. Ɗauki na'urar maganaɗisu da masana sinadarai ke duba siffar ƙwayoyi da ita. Maganaɗisunta yana zaune ne cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kewaye da ruwan naitirojin mai sanyin 196. Naitirojin kusan kowane mako ake ƙarawa, hiliyam kuma bayan 'yan watanni. In aka yi sake ruwan ya ƙare, maganaɗisun zai mutu cikin ɗan lokaci, kuma tayar da shi sai an kira kamfanin da kuɗi masu yawa. Wanda ya sayi wannan na'ura ba tare da ya san daga ina hiliyam zai riƙa zuwa na shekara goma ba, to bai sayi na'ura ba, kabad ya saya. Haka firizar da ke ajiye samfurin jini ko ƙwayoyin cuta a digiri 80 ƙasa da sifili: dare ɗaya babu wuta, aikin shekara biyar ya narke. A nan, kafin a sa hannu a sayi wani babban abu, sai an zo wurinmu. Nauyinsa nawa, bene zai ɗauka? Wuta nawa yake ci, zafi nawa yake fitarwa? Wa zai je horo? Yarjejeniyar gyara shekara nawa ce? A gida tsarin kwangila ya fi son abin da ake gani: gini, akwati, ranar ƙaddamarwa. Zoben roba da man famfo da fiyus ba sa fitowa a hoto, don haka babu mai sa su a kasafi. Sai na'urar miliyoyi ta kwanta saboda kayan safaya da ake iya sakawa a aljihu.

Akwai kuma littafin aiki. Kowace na'ura a ɗakinmu tana da kundinta: wa ya kunna, yaushe, me ya canza, me ya gani. Lokacin da nake neman kafar nan, cikin kundin na ga cewa shekara shida da suka wuce wani ya buɗe wannan mahaɗar ya rubuta cewa kusa ɗaya ta yi masa gardama. Mutumin ya daɗe da barin aikin, ban taɓa ganinsa ba, amma layinsa biyu suka nuna mini inda zan koma in sake dubawa. Ilimin Malam kuwa duk a kansa yake. Ba a taɓa ba shi yaro na dindindin da zai koya ba, ba a taɓa cewa ya rubuta ba.

Ba ina cewa nan aljanna ce ba. Dokar ƙasar ta ba jami'o'i da cibiyoyi damar riƙe ma'aikacin kimiyya a kan kwantiragi mai wa'adi har shekara shida kafin digirin digirgir da wasu shida bayansa, kuma kuɗin ayyuka da yawa na shekara uku ne. Na ga injiniyoyi ƙwararru sun tafi kamfani saboda sun gaji da rashin sanin makomarsu, ga albashin can ya fi. Duk wanda ya tafi, da ilimin na'urar yake tafiya. Batun suna a takarda ma bai mutu ba. Na taɓa yin wata takwas ina gina wani tsarin awo tun daga zane, da takardar ta fito sai na ga sunana a ƙasa, cikin layin godiya, tare da wanda ya duba musu Turanci. Abin ya yi mini ciwo, na kuma faɗa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ba a gida kaɗai ake yin sa ba. Bambancin shi ne a nan akwai inda zan kai kuka a saurare ni, kuma a takarda ta gaba an gyara.

Wani abin kuma da nake gani kullum: a gyaran hannu, mutanenmu sun fi su. Matasan injiniyoyi a nan in allo ya mutu sai su cire shi su yi odar sabo, jibi ya iso. Ni da na taso inda sabo ba ya zuwa, zama nake in bi layin da ma'auni har in kai ga ƙwayar da ta ƙone. An taɓa samun wata tsohuwar na'urar sarrafa wuta da kamfaninta ya daina ƙerawa, an yanke shawarar a jefar, gwajin zai tsaya wata huɗu kafin a samu madadinta. Yini biyu na yi a kanta ta tashi. Abokan aikina suka yi ta tambaya a ina na koyi wannan. A wurin Malam na koya, a ɗakin nan mai ƙura. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce matsalarmu rashin gwanaye ce. Gwanayen suna nan, ba a ajiye musu kujera ba ne.

Na san abin da wasu za su ce: wanda ya bar gida ya samu wutar da ba ta ɗaukewa, da wane baki zai yi mana wa'azi? Akwai gaskiya a ciki, kuma ina jin nauyinta. Wasu kuma za su ce duk maganar nan a banza ce muddin ba a gyara wutar lantarki ba. Wannan ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Ɗakin bincike ba gari ba ne. Ɗaki biyu ko uku ana iya riƙe su da sola da batura da inbata mai kyau, in an lissafa daidai kuma akwai mai kula da baturan. Wannan lissafin ma aikin injiniya ne, wato mun sake dawowa wurin mutumin da ba a kira taro ba. Inda wuta ba ta da tabbas ya fi ko'ina buƙatar injiniya a ɗakin bincike.

Kuma muna da shaidar cewa abin yana yiwuwa. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, mai ƙarfin kilowat 30, da aka samo daga Sin aka kunna a 2004. A 2018 aka canza mata makamashi zuwa nau'in yuraniyom mara haɗari sosai, aikin da ba na wasa ba ne. A fahimtata, abin da ya raya ta shi ne ba a yarda a kunna irin wannan na'ura sai da masu aiki da aka horar aka ba lasisi, da kundin da ake rubuta komai, da masu zuwa dubawa daga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Tsoron haɗari ya tilasta a yi abin da ya kamata a yi wa kowace na'ura. Ƙasa ɗaya ce, wuta ɗaya ce, mutanen su ne dai namu.

Watan jiya wani abokina da muka yi aji ɗaya, yanzu shi ne shugaban sashe a wata jami'a, ya kira ni yana murna, an amince musu su sayi babbar na'urar duba ƙananan abubuwa da ke aiki da lantarki. Ya ce in taimaka masa da zaɓen kamfani. Na ce masa mu ajiye kamfani tukuna. Na tambaye shi ko ɗakin yana kusa da janareto ko titin manyan motoci, don girgiza kaɗan ta isa ta ɓata hoton. Na tambaye shi ruwan sanyaya ta daga ina, da na'urar sanyaya ɗakin, da wa zai riƙa canza zaren da ke fitar da hasken idan ya ƙone, da ko an ware kuɗin kayan gyara na shekara biyar. Sannan na ce: "Wa za ku tura horo?" Ya ce shi da wani dakta. Na ce: "Mutumina, kai taro zai cinye ka, daktan kuma shekara biyu zai tafi hutun bincike. Wa ke buɗe ɗakin da safe?" Ya ambaci wani matashi mai babbar difloma, ya ce yaron yana da hannu ƙwarai, amma ba a taɓa tura ma'aikacin fasaha waje ba, sai ya nemi izini daga sama. Ya ce zai rubuta takardar a makon nan, ni kuma na yi masa alkawarin rubuta wasiƙar goyon baya da jerin kayan safayar da ya kamata su shigo cikin akwati ɗaya da na'urar.